Me za mu kira draft lottery da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "ƙuri'ar gurbi"

Salam jama'a, musamman 'yan uwa masu raba dare suna kallon ƙwallon kwandon Amurka. Akwai kalmar da nake so mu tsayar yau kowa ya huta, domin duk watan Mayu idan NBA ta zo yin abin nan da suke kira draft lottery sai ka ga kowa na rubuta nasa, wani ya ce cacar 'yan wasa, wani ya ce zaɓen 'yan wasa, wani ma ya bar ta da Turancinta ya wuce abinsa, wanda bai san harkar ba kuma ya karanta ya tashi bai tsinci komai ba. Kuma ba ita kaɗai take tafe ba, tana da 'yan rakiya, akwai draft ɗin kansa, akwai pick, akwai protected pick, akwai swap, ga kuma tanking. In ta tsakiyar ba ta samu suna ba sauran ma ba za su zauna ba. Wasunku sun riga sun kawo shawarar sunayen da suke ganin sun dace, zan amsa musu ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa sai ya fara ajiye abin da ya sani a gefe tukuna. A Firimiya in ka ƙare cikin ukun ƙarshe ka faɗa rukuni na ƙasa, shi kenan. A NBA babu wannan, ƙungiyoyi 30 ne, kowacce wasa 82 a kaka, ko wasa goma kacal ka ci baɗi kana nan daram. Asali ma wanda ya fi shan kashi shi ake so a fara ba wa dama ya ɗauki yaron da ya fi kowa cikin samarin da ke fitowa daga jami'o'i da ƙasashen waje, don ya samu ya farfaɗo. Yaro ba shi ke faɗin inda zai je ba, ƙungiyoyi ne ke bin layi ɗaya bayan ɗaya suna kiran suna, zagaye biyu, kowane zagaye gurabe 30. Wannan bin layin shi ne draft.

Toh shi draft bai ba ni wahala ba, "ɗaukar sabbin jini" na ce, kamar dai yadda muke cewa ɗaukar ma'aikata ko ɗaukar sabbin sojoji. Na guji kalmar zaɓe da gangan, don siyasa ta riga ta cinye ta, kuma ranar da ka haɗa ta da ƙuri'a ka ce "ƙuri'ar zaɓe" wallahi babu Bahaushen da zai tuno kwando, akwati da dangwale kawai zai gani.

Inda gardamar take shi ne lottery. Malam da ka rubuta cewa caca ce kawai a daina wahala, na ji ka kuma na san ƙamus zai iya goya maka baya, amma dubi yadda abin yake gudana. A caca kai ne ke zuba kuɗinka, ka ci na wasu ko su ci naka. A nan babu ƙungiyar da ke zuba ko sisi, babu tikitin da ake saya, babu wanda ke fita da asarar abin da ya shigo da shi. In muka ɗauki yadda aka yi a 2025, ƙungiyoyi 14 da ba su samu shiga wasannin kifa ɗaya kwala na ƙarshen kaka ba su ake tarawa, a sa ƙananan ƙwallaye 14 masu lamba 1 zuwa 14 a cikin inji, inji ya fito da huɗu. Haɗin lambobi huɗu daga cikin 14 yana ba da 1,001, an raba 1,000 ga ƙungiyoyin tun kafin a shiga ɗakin, guda ɗayan da ya rage in ya fito sai a sake. A tsarin da aka kawo a 2019 ƙungiyoyi uku da suka fi lalacewa kowacce na da 140, wato kashi 14 cikin 100, daga nan rabon yana ta raguwa har kan ta 14. Gurabe huɗu na farko kawai ake yi wa haka, sauran a jera su bisa yawan kashin da kowa ya sha, shi ya sa ta ƙarshe a tebur ba za ta wuce na biyar ba komai rashin sa'arta. In ka kira wannan caca ka shafa wa abin baƙin fentin da ba nasa ba, kuma ka sa iyayen da ke ganin yaransu na bin wasan su ɗauka wata harkar bet ce.

Wata 'yar uwa ta kawo canki-canka, kuma gaskiya ta fi caca kusa, tana da daɗin faɗi ma. Matsalarta biyu. A canki-canka kai ne ke miƙa hannu ka canka, a nan kuwa wakilin ƙungiya yana zaune ne kawai yana kallon inji, ko wayarsa ba a barinsa da ita a ɗakin. Na biyu, a canki-canka kowa rabonsa ɗaya ne, a nan wani na da 140 wani na da 5. Da a 1985 muke, shekarar da aka fara abin, lokacin ambulan ake zubawa a cikin ganga a zaro, kowace ƙungiya ambulan ɗaya, har New York ta samu Patrick Ewing, da sai in ce canki-canka ta zauna. Yanzu kam an wuce nan.

Ƙuri'a ita ce kalmar, da ma'anarta ta asali tun kafin a kawo mana akwatin zaɓe. Duk wanda ya zauna gaban malam ya ji ƙissar Annabi Yunus alaihis salam a jirgi, aka yi ƙuri'a ta faɗa kansa. Ya ji yadda aka jefa alƙaluma kan wanda zai riƙi Nana Maryam. Har yau in magada sun kasa daidaitawa kan wa zai ɗauki wane kaso ana cewa a yi ƙuri'a. Ka ga ita ba ta da ƙazantar caca, hanya ce ta raba gardama idan babu wanda za a fifita da baki. Kuma abin da ya fi burge ni, ta zo da aikatau ɗinta a hannu, ƙuri'a faɗawa take yi. "Ƙuri'a ta faɗa kan wane." Ba sai mun ƙirƙiro komai ba.

Amma ƙuri'ar me? Nan ne nake so a nutsu, don a nan mafi yawan masu fassara suke zamewa. Ba ƙuri'ar 'yan wasa ba ce, ranar ba a ɗaukar kowa, ɗaukar sai a watan Yuni. Ba kuma ƙuri'ar ƙungiyoyi ba ce, duk da cewa haka ake gani a talabijin. Abin da ake yi wa ƙuri'a shi ne pick, wato wurin tsayuwa a layi, kuma wannan wurin dukiya ce, ana bayar da shi, ana karɓarsa, yana iya ɗaukar sunan wata ƙungiya alhali mai shi daban. Kalmar da ta iya ɗaukar wannan nauyin a Hausa ita ce gurbi. Mun riga muna cewa gurbin karatu, guraben aiki, gurbin zuwa gasar Zakarun Turai. Gurbi wuri ne da babu kowa a ciki tukuna, ana jiran wanda zai cike shi. Saboda haka pick gurbi ne, draft lottery kuma ƙuri'ar gurbi.

Wanda yake ganin wannan bambancin ƙanƙane ne ya zo mu duba abin da ya samu Brooklyn Nets, don ni a wurina babu labarin da ya fi shi ban tausayi a wannan harka. A 2013 mai ƙungiyar, attajirin Rasha Mikhail Prokhorov, yana son kofi da gaggawa, sai manajansa Billy King ya je Boston ya ɗauko Kevin Garnett da Paul Pierce da Jason Terry. Manyan 'yan wasa ne ba shakka, amma Garnett na da shekara 37, sauran biyun 35. Abin da Boston ta karɓa a ƙarƙashin manajanta Danny Ainge, ban da wasu 'yan wasa, shi ne guraben Brooklyn na zagayen farko na 2014 da 2016 da 2018, da kuma damar musanya gurbi a 2017. Lissafin Brooklyn shi ne ai za mu riƙa cin wasa, gurabenmu can ƙasan layi za su riƙa faɗawa, ba wani abin kirki muka bayar ba. Kaka ɗaya suka ɗan taɓuka, suka fitar da Toronto a wasannin kifa ɗaya kwala, Miami ta fitar da su a zagaye na biyu. Pierce ya tafi Washington a 2014, Garnett aka mayar da shi Minnesota a farkon 2015, gini ya rushe.

Daga nan sai shan kashi. Kakar 2015/16 wasa 21 suka ci suka sha kashi 61, gurbinsu ya zama na uku, Boston ta ɗauki Jaylen Brown da shi. Kaka ta gaba suka ci 20 suka zubar da 62, su ne na ƙarshe a duk NBA, a tsohon tsari kashi 25 cikin 100 ke gare su na samun gurbi na ɗaya, kuma ƙuri'a ta faɗa kan gurbin nasu. Amma wa ya yi murna? Boston, wadda ta ƙare ta ɗaya a yankin Gabas a wannan kakar (NBA yanki biyu ce, Gabas da Yamma), tana shirin karawa da Cleveland a wasan ƙarshe na yankin. Ta karɓi na ɗaya ta miƙa wa Brooklyn nata na 27. Sannan ta ba Philadelphia na ɗayan ta karɓi na uku da ƙarin wani gurbi a gaba, Philadelphia ta ɗauki Markelle Fultz, Boston ta ɗauki Jayson Tatum. Na 2018 kuma ta ba Cleveland shi cikin cinikin da ya kawo mata Kyrie Irving, ya zama na takwas, Cleveland ta ɗauki Collin Sexton. A 2024 Brown da Tatum suka ɗauko wa Boston kofinta na 18, Brown ne ma gwarzon fainal. Ka yi tunanin magoyin bayan Brooklyn da ya sayi tikiti shekara uku yana kallon ana lallasa ƙungiyarsa, kuma ko ɗan sanyin da sauran masu shan kashi ke ji na cewa ai baɗi za mu samu yaro mai kyau shi ba shi da shi.

Yanzu gwada ba da wannan labarin da "cacar 'yan wasa" ko "ƙuri'ar ƙungiyoyi" ka ji yadda zai karkace. Za ka ce Brooklyn ta ci, alhali ba ta ci komai ba. Za ka ce Boston ta ci, mai karatu ya ce yaya ƙungiyar da ke saman tebur ta shiga cikin na ƙasa. Amma ka ce "ƙuri'a ta faɗa kan gurbin Brooklyn, gurbin kuwa yana hannun Boston", magana ta fita a numfashi ɗaya, ko kakata za ta gane.

Hajiya da kika ce me zai hana a ce "kwasa" kamar ta adashi, Allah ya saka da alheri, wannan ita ce shawarar da ta fi sa ni tsayawa. Kamar tana da yawa, a adashi ma akan yi ƙuri'a a san wa zai fara kwasa, kuma mai buƙatar gaggawa kan roƙi wata ta ba ta kwasarta su yi musaya. In ana yi wa wanda bai taɓa jin abin ba bayani, da adashi zan fara. Sai dai a adashi kwasar farko da ta ƙarshe kuɗinsu ɗaya ne, lokaci ne kawai ya bambanta, a nan kuwa tsakanin gurbi na ɗaya da na 27 akwai tazarar da ke iya canza tarihin gari guda. Kuma kwasa tana nuna an tattare duka, alhali mutum ɗaya ake ɗauka. Shi ya sa na bar ta a matsayin misali, ban ɗauke ta suna ba.

Traded pick kuma, na ga ana rubuta "gurbin da aka sayar". Ba laifi a hira, ni ma bakina yakan faɗa, amma a sani ba kamar kasuwar 'yan ƙwallon Turai ba ce da ake ajiye fam miliyan kaza a ɗauki mutum. A NBA yawanci ban gishiri in ba ka manda ne, ɗan wasa da ɗan wasa, ko ɗan wasa da gurabe. Don haka "gurbin da aka bayar a musaya" ya fi daidai, a taƙaice bayayyen gurbi. Wani ƙanina ya ce jingina, na ce a'a, abin da ka jinginar kana iya fansarsa in ka biya, wannan kuwa ya tafi sai dai in sabon ciniki aka ƙulla. Kafin lokacin miƙawa ya zo kuma bashi ne, sai mu ce "ana bin Brooklyn gurbin 2018", kowa ya san wannan ginin jimlar.

Swap shi ne damar musanya, kuma yana da dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shi. Akwai dokar da ake kira da sunan Ted Stepien, wanda ya mallaki Cleveland a farkon shekarun 1980 ya yi ta rabar da guraben ƙungiyar har hukumar ta taka masa birki. Dokar ta hana ƙungiya ta bar kanta babu gurbin zagayen farko shekara biyu a jere nan gaba. Shi ya sa kuka ga na Brooklyn suna tsallake, 2014, 2016, 2018. Damar musanya ita ce ƙofar baya, a takarda kana da gurbi a 2017, amma in naka ya fi kyau ɗayan zai karɓe ya ba ka nasa.

Sai protected pick. Don Allah kar mu ce "gurbi mai kariya", fassarar kalma da kalma ce, mai karatu zai tambaya kariya daga me. Abin da ake nufi sharaɗi ne aka gindaya, na ba ka gurbina na shekara kaza, amma in ya faɗo cikin goma na farko ina riƙe abina sai wata shekarar. Gurbi mai sharaɗi kenan, wanda ba a gindaya masa komai ba kuma gurbi marar sharaɗi, irin waɗanda suka kashe Brooklyn. A 2025 Oklahoma City na bin Philadelphia gurbi da sharaɗin in yana cikin shida na farko ba za a miƙa ba, Philadelphia ta ci wasa 24 kacal, ta shiga ɗakin ƙuri'a ba ta san ko za ta fita da wani abu ba, ya faɗo na uku ta riƙe ta ɗauki VJ Edgecombe. Da na bakwai ya faɗo duk wahalar kakar ta tafi a banza.

Kuma wannan sharaɗin ne ke haifar da abin da na fi ƙi a wasan, tanking. Ƙungiya ta ga ba za ta kai ko'ina ba sai ta fara ajiye manyan 'yan wasanta a benci, a ce wannan gwiwa, wancan hutu, don ta ƙara nutsewa rabonta a ƙuri'a ya ƙaru. A Afrilun 2023 Dallas ta yi haka a wasanta da Chicago alhali tana da sauran damar tsallakewa zuwa wasannin ƙarshen kaka, saboda New York na bin ta gurbi mai sharaɗin goma na farko, NBA ta ci ta tarar dala 750,000, amma gurbin na goma ta riƙe shi. Tun asali ma wannan ɗabi'ar ce ta jawo aka kawo ƙuri'ar. Kafin 1985 kwabo ake wurgawa tsakanin ta ƙarshen Gabas da ta ƙarshen Yamma, aka yi ta zargin Houston da sakin jiki a 1984, shekarar da ta samu na ɗaya ta ɗauki ɗan Legas Hakeem Olajuwon. A wannan wurga kwabon ma akwai bayayyen gurbi, Indiana ce ta ƙarshe a Gabas amma gurbinta na hannun Portland, wadda ta ɗauki Sam Bowie a na biyu ta bar wa Chicago Michael Jordan a na uku.

Yayana da ka ce a kira tanking "sayar da wasa", a nan ban bi ka ba. Sayar da wasa a kunnenmu cin hanci ne, an ba gola ko alƙalin wasa kuɗi, laifi ne na daban kuma zargi ne mai nauyi. A tanking yaran da ke cikin fili iya ƙarfinsu suke yi, suna neman kwantiragin baɗi, daga ofis ne ake tsara a fito da tawagar da ba za ta iya ci ba. Ni "faɗuwar gangan" na ga ya dace, don ya faɗi abin da aka yi kuma ya faɗi niyya. Kuma ba kullum take biya ba, tsarin 2019 an yi shi ne don a rage mata riba. Detroit a 2023/24 wasa 14 ta ci, ta sha kashi 28 a jere, ƙuri'a ta tsallake ta ta koma na biyar, Atlanta mai kashi 3 cikin 100 ta samu na ɗaya. A 2025 Utah ce ta ƙarshe ita ma ta koma na biyar, Dallas mai kashi 1.8 ta ɗauke Cooper Flagg.

Ita Brooklyn sai da ta sake komawa ruwa. A Janairun 2021 ta ba Houston gurabe uku da damar musanya huɗu don James Harden, wanda bai daɗe ba ya bar ta, a 2024 ƙuri'a ta ɗaga gurbinta zuwa na uku kuma Houston ce ta mora da Reed Sheppard. Sai a Yunin 2024 ta yi abin da ya kamata, ta ba New York Mikal Bridges ta karɓi gurabe biyar na zagayen farko, ta kuma koma wurin Houston ta ƙulla sabon ciniki ta dawo da nata na 2025 da 2026 hannunta. Kakar da ta biyo baya ta ci 26 ta sha kashi 56, ƙuri'a ba ta faɗa kanta ba, daga na shida ta zame zuwa na takwas ta ɗauki Egor Demin, kuma a daren ɗaukar sabbin jinin ta kira sunaye biyar a zagayen farko, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi kafin nan. Wannan sakin layin duka na rubuta shi da kalmomin da muke magana a kai, masu shafukan wasanni da masu karanta labarai a rediyo ku duba ku gani ko akwai inda harshe ya sarƙe, in akwai ku nuna min wurin mu gyara shi tare kafin Mayu.